Allurar Baba da injin Jamus

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Kolere, unguwar Hausawa ta Garwa, ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In yana son ruwa, ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya ɗaga murya ya tambayi bango ko babu kowa ne a gidan nan. Inna takan yi mini magana, amma tana kallon tukunya. Kakata ce ta raine ni a Maiganga har na isa shiga makaranta, sannan aka dawo da ni, na tarar da mutum biyu masu jin nauyina sai ka ce ni na haife su. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Tsoka mafi kyau a teburin Baba tawa ce, sai dai ta hannun wani take iso ni. Na girma, na yi aure, na zama malamar firamare mai yi wa 'ya'yan mutane tsawa da Faransanci, amma in na shiga zauren gidanmu muryata takan koma ta mai roƙon gishiri a maƙwabta.

Baba mahauci ne, ɗan mahauci. Kafin rana ta fito yana mayanka, kafin hantsi yana bayan teburinsa a babbar kasuwa, a tsaye, domin a wurinsa mahaucin da ke zama ya fara sallama da sana'a. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana saɓa cinyar bijimi shi kaɗai, yana yi wa samari dariya in sun taru su biyu a kan guda. Da Fulani Fulatanci yake ciniki, da mutanen dutse Hausa, da matan ma'aikata 'yan kudu kuwa wani Faransanci da bai wuce gaisuwa da rantsuwa ba. Ba ya ƙarya, ko a kan naman jiya. In ba ya son faɗin abu sai ya kewaye shi, kuma ya iya kewaya.

Abin da aka hana ni duk autanmu aka ba. Ya hau cinya, ya ja gemu, ya ci kwano ɗaya da Baba. Ya yi karatu a Ngawundere, ya samu tafiya Jamus, ya kama aiki a wani asibiti inda ake gasa ciwon daji da haske. Aikinsa auna hasken kafin a haska wa mutum. Mun yi shekaru muna gaya wa maƙwabta gyaran injin hoto yake yi, don ba mu gane ba, ba mu kuma damu mu gane ba.

Labarin ciwon Baba ya zo mini ta hanyar da duk labarinsa ke zuwa. Ya gaya wa Baffa. Baffa ba ɗan'uwansa ba ne na jini, amininsa ne tun suna samari, dillalin shanu, gajere mai surutu, wanda duk kasuwar shanu daga Adumri zuwa Ngong ta san muryarsa. Baffa ya gaya wa matarsa. Matarsa ta zo ta gaya wa Inna, wadda ta riga kowa sani tunda ita ke jin ƙarar buta. Inna kuma ta jira ranar da na zo gaisuwa, ta ba ni baya tana tuƙa tuwo, ta ce wa tukunya, "Mutumin gidan nan dai fitsari na ba shi wuya."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "An kwana biyu."

Kwana biyun Inna, da na bincika, ya haura shekara.

Baffa ne ya kai shi asibiti a kan babur ɗinsa. Aka ɗebi jini, aka yi masa wani gwaji da yatsa, aka gutsuri tsoka aka aika kudu. Da sakamako ya dawo ni aka tura wurin likita, tunda ni ce mai Faransanci. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci na ce mata furostat, a nan ciwon daji ya kama Baba. Likitan ya ce ciwon bai bar wurinsa ba tukuna, ana iya kashe shi a inda yake. Amma irin mai gaggawa ne. In ya fita ya shiga ƙashi, maganar warkewa ta ƙare, sai lallaɓawa.

Likitan ya ce a tafi kudu a yi gashi da haske, kullum ban da ƙarshen mako, kusan wata biyu. Na ba Inna saƙon, Inna ta ba matar Baffa, matar Baffa ta ba Baffa. Amsa ta dawo ta inda saƙo ya bi: ba za shi ba. Gida ɗaya muke da shi a Yawunde, na mijin ƙanwata, ɗaki biyu da bayi ɗaya. Baba ya ce shi ba zai kwashe wata biyu yana zarya da buta a gaban surukinsa ba. Na ce to a kama masa ɗaki. Aka ce mutum yana da 'ya a gari ya kama ɗakin haya, me duniya za ta ce da surukin? Na yi fushi irin wanda ba shi da inda zai sauka. Na koma gida na huce a kan mijina, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Auta ya kira ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya ce a haɗa shi da Baba ta hoto. Ni na riƙe wayar a zaure, hannuna a miƙe, fuskata a gefe. Baba na zaune a kan buzunsa, Baffa na kusa da shi yana ɓare goro.

Auta ya ce, "Baba, wai ka ƙi zuwa Yawunde?"

Baba ya ce, "Gaishe ni ka kira ka yi, ko shari'a?"

Auta ya yi dariya, irin dariyar da shi kaɗai ke da izinin yi a gidan nan. Ya ce, "To saurara. A wurin aikinmu akwai wani inji, ba irin na Yawunde ba. Na can haske ne, yana shiga jiki ta gaba ya fita ta baya, duk abin da ya tarar a hanya sai ya ɗan taɓa shi. Shi ya sa ake ba da shi kaɗan-kaɗan, a daɗe ana yi. Namu ƙwayoyin kabon yake harbawa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Ana auna musu zurfi, su shiga su tsaya daidai kan ciwon, su sauke ƙarfinsu duka a nan. Tunda ba sa ɓarna sosai a gefe, ana iya ba da mai yawa a zama ɗaya. Da can ana jan lokaci, yanzu sun rage. Mako uku ko kusa da haka, ka gama."

Baffa ya tsaya da taunar goro. "Harbi kuma? A nan wurin?"

"Baffa, ko ji ba zai yi ba. Kwanciya ce kawai, ya tashi ya sa takalminsa."

Baba ya ce, "Gidan wa zan sauka?"

"Gidana mana. Ni kaɗai ne, bayi kuma ba mai jiran ka fito."

Baba ya shafa gemu ya daɗe. Sannan ya ce, "Abin da bai kai wata ba ai baƙunta ce."

Nan muryar auta ta sauya. Ya ce, "Amma da sharaɗi, Baba. Injin nan wuri ɗaya yake bugu. In ciwon ya watsu ba za su karɓe ka ba, ko ni ne mai asibitin. Kafin takardu su fito za a riƙa yi maka wata allura duk wata, ita za ta danne shi a wurinsa. Adda za ta sayo, Baffa ya kai ka lopital, asibitin nan na gari, a yi."

Adda ni ke nan, haka ƙannena ke kirana. Baba bai kalli wajena ba. Ya ce, "Allura ai ba komai ba ce."

Na fito daga zauren nan zuciyata fes. Ban hau babur ba ranar, da ƙafa na taka har gida cikin rana, ina gaishe da mutanen da rabona da su an daɗe. Maganar abin da tafiyar za ta ci ba zan shige ta ba. Dangi da mahauta sun yi abin da ya kamata, auta ya ɗauki sauran.

Gidanmu ya koma gidan masu shirin tafiya. Auta ya turo hoton ginin da injin yake ciki, wani ƙaton abu mai bututu, Baffa ya sa aka tura masa a wayarsa, ya bi kasuwa yana nuna wa mahauta yana ƙara gishiri. Kafin mako ya zagayo, labari ya zama cewa injin na gane ciwo da kansa, yana kuma jin Hausa. Inna ta fara tanadin yaji da daddawa da kuka na auta. Na shiga layin gwanjo na sayo wa Baba wata doguwar rigar sanyi, na ba Inna ta ba shi. Ta ce ya gwada a ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito yana cewa ta yi masa kaɗan a kafaɗa, amma bai ce a mayar ba.

Allurar ba ta son zafi, Garwa kuwa ba ta da abin bayarwa sai shi. Nakan sayo ta a kantin magani, in sa ta cikin kula mai ƙanƙara, in kai wa Inna, Inna ta miƙa wa Baffa a ƙofar gida. Bayan ta biyu aka ɗebi jini. Akwai wani ma'auni da suke dubawa mai nuna ƙarfin ciwon, ya sauka ƙasa sosai. Auta ya kira yana murna har yana haɗa Hausa da Jamusanci. Ya ce ciwon ya kwanta, yanzu takardu kawai muke jira.

Ashe jira shi ne aikin. Fasfo ya ci nasa lokacin, biza ta ci nata. Duk takardar da na kai sai a ce ta tsufa kafin 'yar'uwarta ta fito. Na hau mota zuwa Ngawundere, na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na dawo, na sake komawa, har shugaban makarantarmu ya fara gaishe ni da "ya hanya" maimakon "ya aiki". Damina ta sauka, kogin Binuwai ya cika ya shanye gonakin gefen gada, ya janye. Motocin auduga suka fara wucewa suna zubar da farin kaya a bakin titi. Zafi ya sake dawowa. Duk wata ina kai kula, duk wata ina tambayar Inna, "An je?" Ita kuma ta ce, "Sun fita da Baffanki tun safe." Auta yakan tambayi Baba kai tsaye, "Kuna zuwa wurin allura?" Baba ya ce, "Baffanka na kai ni, ba fashi." Da auta ya nemi a sake ɗibar jini, amsa ta dawo cewa dattijo ya ce jininsa ba rijiya ba ne, a bari sai tafiya ta matso. Muka yi dariya, muka bari.

Wata Asabar na bi ta kasuwa sayen kayan miya, na hango teburin Baba daga layin masu tumatir. Yana zaune. Kujera 'yar tsugune aka kawo masa, yana yanka a kan cinya, wani maƙwabcinsa mahauci na rataye masa naman. Ya hango ni ya kau da kai kamar yadda ya saba, ni ma na kau.  Bayan nan na lura in zai tashi sai ya dafa ƙugu, matar Baffa kuma ta ce an ga yana sallah a zaune a ƙarshen sahu. Na kira auta na gaya masa.

Ya ce, "Adda, kwantar da hankalinki. Allurar ce. Tana sa kasala, tana sa ciwon gaɓoɓi, kowa haka yake kuka da ita. Alama ce tana aiki."

Na karɓi maganar hannu bibbiyu. Duk da haka ban samu natsuwa ba, har wata rana na yi abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da Baba shi kaɗai a zaure da la'asar, na durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ce wa bango, "Da sauƙi."

Na ce, "Allurar nan, Baba, tana..."

Ya ɗaga murya wajen cikin gida ya tambaya ko wani ya ga hularsa. Hular na kansa. Ya dafa ƙugu ya miƙe a hankali, ya raɓa ta gefena ya fita. Na zauna a wurin kunya ta rufe ni, kamar ni ce na yi abin da bai dace ba, kuma a Kolere ni ce.

Biza ta fito a tsakiyar zafi, lokacin da kwalta ke kama takalmi. Asibitin su auta ya tsayar da rana, ya ce kafin a hau jirgi a turo sabon gwajin jini da hoton ƙashi na jiki duka. Wannan hoton sai Yawunde. Baffa ba ya jin Faransanci, Inna ba ta taɓa wuce Ngawundere ba, don haka rakiyar ta faɗo kaina. A mota Baba ya zauna gaba, na zauna baya. In an tsaya cin abinci nakan saya in ba wani fasinja ya miƙa masa, har wata mata ta tambaye ni ko mijina ne muka yi faɗa. A tashar jirgin ƙasa ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa zuwa matakala. Na miƙa hannu, ya yi kamar bai gani ba. Wani soja da ke bayanmu ne ya tallabe shi ya hau.

Gidan surukin da ya guda, nan muka sauka. Mijin ƙanwata ya bar masa ɗakinsa, ya koma kwana shago don ya ba shi sarari. Duk da haka Baba ya ƙi shan ruwa yadda ya kamata, don kada a gan shi yana yawan fita. Leɓɓansa suka bushe. Ƙanwata ta yi ta kuka a kicin, ni kuwa kukan ma ya ƙi zuwa, haushi ne kawai ya tokare ni.

Likitan da ya karɓe mu ranar sakamako dattijo ne ɗan kudu, mai furfura da gajiya a fuska, ba ya jin ko "sannu". Kujera biyu ne a gaban teburinsa, dab da juna. Baba ya ja tasa gefe har ta taɓa bango kafin ya zauna. Likitan ya manna hoton a jikin fitila. Ƙasusuwan mutum ne daga kai zuwa ƙafa, fari-fari, da baƙaƙen ɗigo a ƙugu, a gadon baya, da kan haƙarƙari. Baba ya daɗe yana kallo. Ƙashi ba baƙonsa ba ne.

Likitan ya duba takardar jini, ya dube ni. Ya ce da Faransanci, "Madam, yaushe rabon mahaifinki da allura?"

Na ce, "Watan jiya."

Ya girgiza kai. "Ba zai yiwu ba. Jinin nan na mutumin da ya daɗe ba a yi masa ba ne. Tambaye shi."

Na kalli ƙasa. Na ce, "Baba, likita na tambaya yaushe rabonka da allura."

 Baba ya yi magana, yana kallon gefen tebur.

"Ki gaya masa biyu aka yi."

Na gaya masa. Likitan ya ce, "Me ya sa?" Wannan ma na juya.

Baba ya ce, "Bayan ta biyu na ji jikina ya sake. Zufa ta karyo mini ina zaune a inuwa. Da wani abu kuma, wanda ba a faɗa. Na sa Baffanki ya tambayi infirmiye, ma'aikacin jinyar da ke yi mini allurar. Mutumin kirki ne, Bafulatani, ya san shanu, bai ɓoye mana ba. Ya ce ciwon da ƙarfin namiji yake ci, allurar kuwa ƙarfin take kashewa don ciwon ya rasa abinci. Baffanki ya ce masa, wato dandaƙa ke nan? Ya ce ita ce, sai dai ba da itace ba."

 Ban taɓa jin ya jera mini magana mai tsawon wannan ba, ban kuma so in ji wannan ba.

"Ni na riƙe wa mahaifina ƙafar bijimi ana dandaƙa tun ban kai tsayin tebur ba. Na san abin da yake komawa. Ya yi kitse, ya yi sanyi, a ɗaura masa garma yaro ya kora shi. Na ce tunda abin Jamus mako uku ne, zan jira da ƙarfina. In je musu ina namiji, su yi abin da za su yi, in dawo."

Tambayar da ta biyo baya ba ta likita ba ce, tawa ce, ta fito kafin in tare ta. "To ina kuke zuwa duk wata?"

"Lopital. Mu gaisa da infirmiye, mu bar masa allurar ya yi wa mai bukata, mu zauna a benci har hantsi, mu dawo. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya rufa. Ban yi wa kowa ƙarya ba."

Sai da na mayar da duk wannan cikin Faransanci, da bakina, a gaban mai shi. Kalmar dandaƙa na san ta a Faransanci, a littafin noma na 'yan aji shida take, ban taɓa zaton zan faɗe ta a kan mahaifina ba. Na ji haushinsa, na ji haushin Baffa da ya iya surutu a kan komai ya yi shiru a kan wannan, na ji haushin infirmiyen da girmama dattijo ya ɗaure wa baki. Ƙarƙashin haushin kuma tausayi ne, mai nauyi.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce, "Ba wanda ya gaya masa ba ta dindindin ba ce? Da an yi gashin, an ƙarasa allurar an daina, yawanci jiki yana dawowa. A hankali, amma yana dawowa."

Na so in haɗiye wannan, in ce likita na jajanta masa. Amma Baba ya ji an yi magana mai tsawo, yana jira. Na ce, "Ya ce allurar ba ta har abada ba ce. In an gama jinya an daina, yawanci abin yana dawowa."

A karo na farko a ɗakin nan Baba ya juyo ya dubi likitan sosai. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai gyara wa wani kuskure, "Na bijimi ba ya dawowa."

Ban juya wannan ba, likitan kuma bai tambaya ba.

Baba ya sake kallon hoton da ke jikin fitila. Ya ce, "Ki tambaye shi. In na yarda yanzu, a yi mini ko guda nawa ne, Jamus za su karɓe ni?"

Na tambaya. Likitan ya ɗauki biro ya taɓa ɗigon ƙugu, ya taɓa na baya, ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce injin nan ana kai mutum gare shi ne in ciwon na wuri guda, wannan kuwa ya riga ya bar gida. Ya ce zai rubuta musu da kansa in muna so, amma ya san amsarsu, ƙanena ma ya sani. Baba ya ga biron, ya ga kan da aka girgiza, Faransancinsa na kasuwa ma ya isa ya gane. Duk da haka bai motsa ba, yana jiran ya ji da Hausa.

Na ce, "Baba, ya ce a'a."

Ya ce, "To."

Likitan ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ba a rasa abin yi ba. Ciwon ƙugun za a iya rage shi, a kuma ja wa cutar birki na wani lokaci, tsawonsa ba wanda zai iya faɗa. Abin da ke yin wannan aikin kuwa allurar nan ce dai. Sai dai yanzu ba maganar dainawa, za a yi ta yi ne muddin rai. Ya ce yana da guda a firji, in dattijo ya yarda a fara yau.

Na juya masa duka, ban rage komai ba. Na ce, "Ya ce allurar ce ta rage, Baba. Wannan karon kuma ba dainawa."

Baba ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi ya dubi bayan. Na zaci zai nemi a kira Baffa, ko ya ce a bari sai mun koma Garwa ya yi shawara.  Sai kawai ya gyaɗa wa likitan kai. Likitan ya leƙa waje ya yi kira, wata ma'aikaciya ta shigo da ƙaramin faranti, mace, wadda ba ta kai ƙanwata shekaru ba. Baba ya dafa tebur da hannu ɗaya, ya dafa ƙugu da ɗayan, ya miƙe a hankali har ya tsaya. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya kai hannu ga mazagin wandonsa.

Ya ce, "Ki fita."

Na fita na ja ƙofa. A baranda wayata ta fara ruri cikin jaka. Auta ne, tun safe yake son ya ji ranar da zai zo tarbarmu a filin jirgi. Na tsaya ina kallonta har ta yanke.